Layin da Na Tsallake

Shekarar da na gama jami'a ina zaman jiran aiki, nakan je unguwar Hindawiyya a nan Makka bayan la'asar in gaida gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ta zo aikin Hajji da jimawa, ta zauna ba igama, wato takardar izinin zama, tana sayar da ƙosai a ƙofar gida. Mijinta kuwa can aka binne shi, a wani zangon Hausawa da ke bakin teku a ƙasar Togo.

Wata rana na kunna mana wani fim a waya, na gaskiya ba wasan kwaikwayo ba, kan yadda ɗumamar duniya ke sa teku cin garuruwa. Da Faransanci ake magana, fassarar Larabci na bi ta ƙasa, ni kuma ina mayar mata da Hausa. Aka nuno maƙabarta, ruwa ya cinye rabinta.

"Tsayar," in ji ta. Ta kawo wayar dab da idonta. "Garinmu ne?"

Na ce ban tabbata ba, wataƙila kusa ne.

"Malam digiri, kai kullum ba ka tabbata ba." Ta ƙara dubawa. "Ba namu ba ne. Waɗannan siminti ne. Mu fasassun tukwane muke jerawa." Ta koma kan kaskonta.

Daidai nan rubutun ƙasa ya ce gaɓar duka haka take, har zangon da ke gaba, wato nasu. Ban fassara ba. Na san in ta fita daga Makka babu dawowa.

Kwana uku ina juya abin. Na sake kallon wajen sau da yawa ko na yi kuskuren karatu, ban yi ba. Ran na huɗu na je na gaya mata, ina ta haɗawa da "mai yiwuwa".

Ba ta ɗago ba. "Yaushe zai kai?"

"Ba su faɗa ba, Gwaggo."

"To. Yanzu dai kabarinsa yana nan."

Bayan Hajjin shekarar ta miƙa kanta ga masu mayar da mutane gida. Ta bar wa maƙwabciyarta kaskon. Daga baya ta aiko min hoto: tudun ƙasa, ɓallin tukunya biyu, ruwa can baya. Na yi ƙoƙarin kimanta nisan, amma hoton bai fito sosai ba.