Kunnen Baba Madalla a Takarda

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin saƙa na masaƙar nan ya ga Baba Madalla: gajere, mai furfura har a gira, ɗan almakashi rataye a wuya, yana kai da komo tsakanin injuna shida sai ka ce wanda ya yar da makullin ɗakinsa. Shekara ashirin da tara ke nan yana wannan kai da komon. Ya shigo yana saurayi, ya fara da sharar ƙurar auduga, aka ba shi inji ɗaya, aka ƙara masa biyu, har suka zama shida. Ido gare shi na ban mamaki. Zare ɗaya ya tsinke cikin dubu, kafin injin ya gama tsayawa ya riga ya ƙulla shi. Aurensa, rufin ɗakinsa, karatun yaransa huɗu, duk daga bakin waɗannan injuna suka fito.

Kunne kuwa, sai haƙuri. Ƙarar injin saƙa ba ta cinye kunnen mutum a rana ɗaya, a hankali take lasa. Kukan tsuntsu ya fara ɗaukewa, sai muryar ƙananan yara, sai ƙarar waya. Karanta baki ya koya, kamar kowa a ɗakin, don a can ko ihu ka kurma ba mai jin ka. Sai dai wasu in sun fito waje kunnensu yakan buɗe, shi nasa ya daina buɗewa. In ka tsaya a gabansa, hira za ku sha har ka gaji. In ka yi magana ta gefe, da ya ga alamar an motsa baki sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Nan sunan ya samo asali. An ce ranar da maigadi ya gaya masa ɓarayi sun sace masa keke ma, madalla ya samu. Shi dai a ganinsa asirinsa a rufe yake, ko matarsa ba ta sani ba.

Saura masa wata bakwai ya ajiye aiki da cikakken fansho, sai ga sabuwar doka a kan lafiyar ma'aikata. Sakataren ƙungiyar ma'aikata ya tara su a farfajiya don ya yi bayani. Ya kafa lasifika, ya manna makirfo a leɓe, ya kuma ɗaga takardar da yake karantawa ta rufe masa rabin fuska. Don Allah ku duba min wannan aiki! Ka zo yi wa kurame bayanin dokar da aka yi saboda kurame, sannan ka ɓoye bakinka. Minti arba'in yana zuba, Baba yana ɗaga wuya yana leƙe. Abin da ya tsinta, a bakin wani na kusa da shi ya tsince shi, kalma uku rak: gwajin kunne, dole, kowa.

Nan take tsoro ya kama shi. Ba tsoron banza ba ne kuwa. Shekara goma sha biyu baya an taɓa yin gwajin ƙirji a masaƙar, kuma duk wanda aka ji yana tari, wata bai zagayo ba aka miƙa masa takardar sallama. Har da dattijon da ya koya wa Baba ƙulla zare, aka raka shi bakin ƙofa da 'yar jakarsa a hammata. Tun daga ranar, in an ce gwaji, tsofaffin ma'aikata rariya suke gani.

An dai liƙa dokar a allon sanarwa, shafi huɗu, rubutu ƙanana-ƙanana. Sau biyu ya je ya tsaya. Da ya fara haɗa layin farko sai ya ga mutane na tahowa, sai ya yi kamar takalminsa yake gyarawa, ya wuce. A tunaninsa, duk wanda aka gani ya daɗe a gaban takardar kunne, ai ya tona wa kansa asiri.

Satin nan Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je kemis ya sayo maganin ɗigawa, ya ɗiga har wuyan rigarsa ya yi maiƙo. Ya rufe kansa a banɗaki yana tafa hannu kusa da kunnen dama, ya koma na hagu. Ya ce zai kwanta ciwon ƙarya, aka ce duk wanda bai zo ba za a jira shi. Abinci ma a tsaye yake ci. Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa, ta kalle shi ido cikin ido kamar yadda takan yi in za ta yi masa magana.

"Malam, wai me ke cin ka ne? Ka zauna mana, kana sa ni jiri."

"Ba komai. Aiki ne."

Dabarar daga wurin Dogo ta fito, abokinsa na layin injuna na gaba, wanda shi ma kunnensa ya daɗe da tafiya hutu. Su biyun ba su taɓa faɗa wa juna ba, amma kowa ya san ciwon ɗan'uwansa. Dogo ya ja shi bayan tarin yadi, ya buɗe baki sosai don Baba ya karanta.

"Na tambayi waɗanda suka shiga. Ɗan akurkin ɗaki ne, da tagar gilashi. Nas tana zaune a gabanka, ita ke sako ƙarar. In ka ji sai ka danna maɓalli. To mu ina ruwanmu da ji? Hannunta za mu kalla."

Ranar gwaji Baba ya sa wankakkiyar riga. Nas ɗin asibitin masaƙar ce, yarinya sa'ar 'yarsa ta biyu, mai fara'a. Ta zaunar da shi, ta ɗora masa abin sauraro a kunnuwa biyu, ta ba shi maɓalli, ta ja ƙofa. Da ta zauna sai ya ga hannun nata a bayan na'ura yake, ba a ganin yatsa ko ɗaya. Ya zuba mata ido, ya zuba, can sai ya lura: duk sanda za ta sako ƙara, wata 'yar jijiya takan motsa a gefen wuyan hannunta. Haba! Mutumin da ke ganin zare ɗaya cikin dubu za a ɓoye wa jijiya? Ta motsa, ya danna. Ta motsa, ya danna. Ko ɗaya bai bari ya wuce ba.

Ta buɗe ƙofar tana duba takarda tana duba shi.

"Baba, shekara nawa ka ce ka yi a ɗakin saƙa?"

"Ashirin da tara, 'yata."

"Ikon Allah. Kunnenka ya fi nawa."

Ya fito yana taku ɗai-ɗai, har da ɗaga wa masu layi hannu. Dogo kuwa ya kwashi kashinsa a hannu: sai da aka cire masa tabarau kafin abin sauraron ya zauna, shi ke nan, nas ɗin ma dishi-dishi ya riƙa ganinta. Ya fito ido jawur, ya je ya fara kwashe kayansa daga lokar da yake ajiya tun ba a ce masa komai ba. Baba ya tausaya masa ƙwarai, har ya raka shi tasha.

Sati uku aka yi, ba a sallami kowa ba. Ran nan da hutun rana Baba ya hango Dogo yana fitowa daga ɗakin duba yadi, inda ba ƙara ba ƙura, yana washe baki, da wani ɗan abu mai kama da ƙwayar wake a maƙale a kunnensa.

"Kai, ashe mun yi wauta," in ji Dogo. "Dokar nan ta hana a kori mutum saboda kunne. In gwaji ya nuna aiki ya taɓa maka ji, dole su canza maka ɗaki, su sa maka na'urar ji, su kuma ci gaba da duba ka a asibiti har bayan ka yi ritaya. Sharaɗin ɗaya ne, a gano abin kana cikin aiki."

"To yaushe za a sake gwajin?"

"Shekara-shekara ake yi."

Baba bai buƙaci alƙalami ba. Wata shida ya rage masa. A takarda kuwa, shi ne mai kunnen da ya fi na kowa a masaƙar, da sa hannunsa a ƙasa. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Dogo ya ga yadda fuskarsa ta koma, ya ciro abin daga kunnensa, ya goge da gefen riga, ya miƙa masa.

"Riƙe zuwa gobe. Amma ka dawo min da shi, ka ji, ban gama jin gulmar unguwarmu ba."

Bai sa ba sai da ya iso ƙofar gida da yamma. Abin ya yi fito, ya yi ƙara, sannan duniya ta afko masa gaba ɗaya. Ashe ƙyauren gidansa kuka yake yi in an tura. Ashe famfon tsakar gida ɗiga yake, ɗis, ɗis, ko tun yaushe oho. Takalminsa ma surutu gare shi. Ya yi sallama ya ji muryarsa, ta yi masa ƙarfi har ya ji kunya. Matarsa tana shanya, ta amsa masa da hannu. Ya wuce ya juya mata baya zai rataye hula, sai ya ji wata murya a bayansa, 'yar dusasshiya, muryar da rabonsa da jin ta sosai tun autarsu tana goye.

"Sannu da zuwa, kurmana. Yau ma ba za ka zauna ba ko? Allah dai ya yaye maka abin da ke damun ka, bawan Allah."

Ya juyo. Ta ga idonsa, ta ga abin da ke kunnensa, zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Haba Malam. Shekara goma sha biyar ina zagayowa gabanka kafin in yi magana, kana tsammanin kyanka nake zuwa kallo?"

Suka yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Ya zauna a bakin tabarma ya kwashe labarin gwajin duka ya gaya mata. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Ka koma ka faɗi gaskiya. Na gaji da yi wa bayanka hira."

Washegari ya mayar wa Dogo abinsa, shiru ya sake rufe shi ruf. Sau uku ya je ƙofar asibitin yana dawowa, a na huɗu nas ɗin ta gan shi ta yafito shi. Ya tsaya yana murza hula, dattijo mai jikoki a gaban sa'ar 'yarsa, ya ce mata wuyan hannunta ya kalla. Ta dubi hannun nata.

"Baba, ka sa ni cikin matsala, ka sa kanka. Takardar farko ta riga ta tafi ofis. In na sake gwada ka, dole in rubuta dalili, in ce ka yi maguɗi. Ban sani ba ko za su karɓi ta biyun, ban kuma sani ba ko za su tuhume ka."

"Rubuta, 'yata. Duk abin da na yi, rubuta."

Wannan karon ta juya kujerarsa zuwa bango. Ta ɗora masa abin sauraro, ta sa masa maɓalli a hannu, ta ja ƙofa. Ba abin kallo sai farin fenti da wani ƙusa. Can ƙasa-ƙasa ya ji wani ɗan gurnani, ya danna. Ya sake ji, ya danna. Na uku ma haka. Ya ce a ransa, to, gwada na'urar take yi tukuna. Ya gyara zama, ya ɗora yatsa, ya kasa kunne da duk ƙarfinsa yana jiran a fara na gasken. Ya jira har yatsan ya yi tsami.

Sai ji ya yi an dafa kafaɗarsa. Ta zagayo gabansa, takarda a hannu, fara'ar nan tata babu ita.

"Na shirya," ya ce. "Sai ki fara."

"An gama, Baba. Sau arba'in na sako."