Ɗan Dabino a Garkar Gidimuni

Ladanin Birni bai sauke hannu daga kunne ba muka ɗora wa jakuna mangala, muka yi sallar asuba a tsaitsaye, muka kama hanyar gabas. Ni ne da wasu fatake biyu masu zuwa Gidimuni sarin albasa. Ku da kuka yi ta leƙowa gida kuna tambayar inda na shiga, ga labarin. Kuma in faɗa muku tun yanzu, ba ziyara ta fitar da ni daga Zinder ba, faɗa na tafi yi.

Wani mai kanwa ne ya zo kasuwar Zango, ya nemi ƙanena Sanda, ya gaya masa cewa baƙon da yayarmu Habsu ta saukar a garkar babanmu, wato lambunsa da ke Gidimuni, ya dasa dabino. Duk ɗan Damagaram ya san nauyin wannan magana. Ana ara wa baƙo ƙasa ya shuka gero ko albasa, abin da zai cire a shekararsa, amma ba ya dasa itace. In itace ya kama, wurin ya zama nasa da jikokinsa, ko gaban alƙali aka je. Garkar nan kuwa tun da babanmu ya baro ƙauye ya zo Birni gini ba a raba ta ba, ta mu uku ce, Yaya ce kawai ke zaune kusa da ita. Sanda ya ce ni ne babba a maza, in je in tumɓuke abin tun bai yi saiwa ba.

Da ma zuciyata cike take da haushin baƙi. Ni magini ne, ɗan magini. Tun da Nasara suka zauna garin nan, ginin bariki sai suka ba wasu magina da suka zo da su daga yamma, mu 'yan gari aka bar mana kwaɓa ƙasa. Saboda haka da na ji wani baƙon ya kai hannu har garkar ubana, ko takalmi ban tsaya nema da kyau ba.

Mun bar manyan duwatsun gari a baya rana na fitowa. An gama girbi, gonaki sai kara a tsaye, awaki na ta sha'aninsu a ciki. Jakin da na ara kuwa wani tsoho ne mai ra'ayin kansa: in ya ga inuwa sai ya tsaya ya yi tunani, duka ba ta sa shi sauri, lallashi ma haka. Abokan tafiyata suka yi ta yi mini dariya, wai magini ya saba hawa katanga, ga shi jaki ya gagare shi.

A Mirya muka huta ƙarƙashin kukoki. Garin nan yana da kyau, ga ruwa kusa, ga tukwane jajaye jere a bakin hanya kamar an kira su taro. Na nemi fura, na miƙa wuri, mai furar ta dube ni ta kau da kai. Ta ce wuri sai dai in ba yara su yi wasa, ita tamma take nema, don lanho, wato haraji, ya matso kuma Nasara ba ya karɓar komai sai azurfa. Da ƙyar ta yarda ta sayar mini, ta kuma rage nonon a kan idona. Gero ya yi araha ƙwarai a kasuwar, ba don an yi albarkar da ta wuce misali ba, sai don kowa na neman ya sayar ya sami abin biya.

Bayan Mirya hanya ta zama rairayi, tafiya ta yi nauyi. A nan na fara ganin abin da ban sani ba ina zaune Birni. Ƙauye bayan ƙauye, sai ka ga ɗakuna babu jinka, danga ta kwanta, rumbu ya kife. A bakin wata rijiya wani dattijo ya ba mu guga, ya ce masu gidajen sun yi kudu, ƙasar Ingilishi, gudun lanho da aikin dole. Ya ce abin da ya fi ciwo, Nasara ya ƙirga su tun gari na cike, kuma abin da aka yanka wa gari bai ragu ba, wanda ya zauna shi ke biya wa wanda ya gudu. A ƙauyensu muka kwana. Ya ba mu tuwon gero da miyar kuka wadda daddawa ta ji, ya yi ta ba mu haƙuri wai babu nama, alhali mu kunya ce ta kama mu.

Gidimuni kuwa tun daga kan tudu ake ganinta. Bayan duk wannan rairayi sai ga tafki shimfiɗe, dabino da kaba sun kewaye shi, tsuntsaye farare na sauka suna tashi, iska na kawo warin albasa da danshin ƙasa. Na yi shekaru ban zo ba, amma na gane ko'ina kamar jiya na bari. Fataken suka nufi kasuwa, ni na bi gefen ruwa zuwa unguwar su Yaya.

Na same ta ta tsufa fiye da yadda na zata. Ta ƙanƙance, ido ɗaya ya yi hazo, bakin ne kawai yana nan yadda na san shi. Mijinta ya rasu, babban ɗanta an ɗauke shi soja, ƙaramin ya bi masu zuwa Kano, ko saƙo babu. Ba ta bari na yi magana ba sai da na ci kifi busasshe da tuwo, na kora da fura mai dabino. Da na wanke hannu na ɗaure fuska na ce ta kai ni in ga abin da aka dasa.

Ta ɗauki sanda ta shiga gaba. Garkar da na sani rabinta ciyawa, yau ga ta fangali-fangali a jere, albasa kore shar, ruwa na bin hanyarsa. Wani dogon mutum baƙi na jan jigo, da ya gan mu ya saki igiya ya durƙusa ya gaishe ni da Hausarsa mai karyewa. Shi ne baƙon, sunansa Mele, mutumin ƙasar Manga. Rijiyoyinsu ne suka ƙafe, ya taso da matarsa da 'ya'yansa da wasu danginsa suka sauka nan. Na amsa gaisuwar a daƙile, na zaga garkar kusurwa-kusurwa ina dubawa. Ban ga komai ba sai tsofaffin dabinan da babanmu ya dasa.

Na ce, "Yaya, ina dabinon?"

Ta ce, "Babu. Ni na aiki mai kanwar."

Ta zauna bakin fangali ta miƙe ƙafa.

"Kai Ilu, bara da na kwanta ciwo na aika maka, sai ka aiko mini da goro. Na ce to, bari in taɓa inda ke maka zahi. Ga ka kuwa, har da gudunka."

Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace mini. Amma da ta ci gaba, dariyar ta tsaya. Mele tafiya zai yi da zarar an cire albasa. Yana biyan lanho tare da gari, yana shiga layin aikin dole kamar kowa, amma ko taki ɗaya na ƙasa ba shi da shi, kuma ya ji ana ba da gona a kudu. Yaya ta ce ya dasa dabino ya zauna, shi ya ƙi.

Mele ya ce da ni, kansa a ƙasa, "Baba, Inna ta yi mini komai. Amma masu garka maza suna Birni. In na dasa ba da hannunku ba, rigima na dasa wa ɗiyana."

Na ce zan yi tunani. Da la'asar na je gaida Maigari, na tarar ashe zancen Mangawan nan shi ne zancen gari. Wani magidanci mai suna Tanko, wanda sana'arsa jan ruwa a garaken mutane, ya miƙe ya ce tun da baƙin suka zo ba mai kiransa. Da, in ya ja jigo wuni guda, yana komawa gida da abin da zai ci da iyali, yanzu Bamange zai ja don ƙwaryar hatsi kawai, wa zai nemi Tanko? Wallahi ji na yi kamar bakina ya ara, don abin da ke cina ke nan a Zinder.

Maigari ya bar shi ya gama, sannan ya ce shi bai ƙaryata shi ba. Amma ya tuna wa jama'a shekarar da samari suka watse, gumiyen kwamanda, wato dogaransa, suka zo karɓar lanho, aka shanya shi Maigarin a rana a gaban matansa har sai da aka sayar da irin shuka. Ya ce gumiye ba sa tambayar wa aka haifa a nan. Tun da baƙin suka sauka, da su ake raba kuɗin, da su ake raba ɗaukar itacen waya, maƙeri ya koma hura wuta don ana neman fartanya, mata sun sami masu sayen fura. In Mele ya tashi, danginsa za su bi shi, nauyin kuma ya dawo kan waɗanda suka rage, har da Tankon. Na duba na ga kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ɗaya ba ta cika wa ɗaya ciki ba.

Abin da ya yanke mini shawara ba a gaban Maigari na gan shi ba. Da safe ne, ina zaune a tsakar gida, na ga Yaya ta je ɗaga tulu ta kasa, ta waiga ko na gani, ta yi kamar gyara shi take yi. Can sai ga matar Mele da ƙwaryar kunu, ta ɗauke tulun, ta zaunar da Yaya ta hau tsefe mata kai. Na ce wa Yaya ta zo mu koma Birni tare. Ta ce ita inda aka binne mijinta nan za a binne ta, in daina ɓata bakina. Na yi lissafin kaina da Sanda: garkar da muke kumfar baki a kanta, ba ɗayanmu da ya taɓa zuba mata guga ɗaya. Tausayin 'yar'uwata ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na aika aka kira Maigari da liman su zama shaida. Na taka kusurwar gabas, iyakar abin da nake ganin zai faɗo rabona in an yi rabo, ban taɓa na Sanda ba. Mele ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro ɗan dabino daga gindin babbar uwar da babanmu ya dasa. Ni na karɓi dagi na haƙa ramin, na ɗauki ɗan dabinon na sa masa a hannu a gaban kowa. Ya buɗe baki zai yi godiya, Hausar ta gudu ta bar shi, sai ya yi ta da harshensu, ba wanda ya ji, ba kuma wanda bai gane ba. Yaya tana share hawaye da bakin zane tana cewa ramin ya karkace, wai a haka nake kiran kaina magini. Liman ya yi addu'a aka shafa. Tanko yana tsaye can bayan danga, na lura bai ɗaga hannu ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi. Yaya ta cika mini mangala da dabino da albasa har tsohon jakin ya yi ta gunaguni, fataken kuwa sun yi sari mai kyau, suna ta waƙa a hanya. Mun shigo Birni da hantsi. Sanda na zaune a zaure yana jirana, ko sannu da zuwa bai yi mini ba.

"Ka tumɓuke?"

Na ce, "Ba a dasa ba sai da na je. Ni na haƙa ramin."

Tun ranar bai ƙara shigowa gidana ba, kuma abin yana damuna, don ɗan'uwana ne. Ba zan ce muku tafiyar nan ta wanke mini zuciya tas ba. Baƙo yana rage wa wani abinci, na gani da idona a fuskar Tanko. Amma na ga yana ɗaukar kayan da 'yan gari suka ajiye suka gudu, kuma wanda ya ɗora kayan ba Mele ba ne, ba Tanko ba. Na kuma gane cewa mu da ke nesa mun fi kowa zafin kishin ƙasar da ba ma shayarwa.

Na aika wa Sanda cewa hanya a buɗe take. Ɗan dabinon ko gwiwa bai kai ba, hannu ɗaya ya isa a fizge shi. Sai dai kafin ya sunkuya, ya fara shiga wurin Yaya ya gaya mata wanda zai ja mata ruwa gobe. Har yau jakin Sanda na nan ɗaure a turke, bai kama hanya ba.