Man Jabun da ya Kashe Baban Aminu

Da damunar bana shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Baban Aminu, wanda duk Ƙofar Kwaya ke kira Malam mai tarakta. Ni malamar firamare ce, ban taɓa hawa tarakta ba, amma zaman aure ya sa na san akwai wani mai da ake zuba mata, man haidirolik, wanda shi ke ɗaga garma ya riƙe ta a sama. In man nan ya gaza, ƙarfen da ya fi bijimi nauyi ne zai faɗo.

Malam ba ya wasa da wannan mai. Ba ya haɗa iri biyu, ba ya zuba baƙin man inji a madadinsa, kuma kaurin da masu ƙera taraktar suka ce, shi yake nema ko da sai ya je Kano. Yakan ce wanda ke tsinkewa da zafin rana ba ya riƙe kaya, mai kauri fiye da kima wahalar da famfon da ke tura shi yake yi, na jabu kuwa robobin ciki yake ci a hankali har ranar da za su saki. Nakan tsokane shi cewa ya fi kula da man tarakta a kan man miyarmu. Sai ya yi dariya ya ce ai miya in ta ɓaci wata ake sakewa.

A shekarar da ya rasu ruwa ya sauka da wuri. Manoma suka cika mana zaure, kowa na son a yi masa huɗa kafin ƙasa ta bushe, babu sararin zuwa Kano. Sai ya tafi shagon wani maƙwabcinmu da suka yi makarantar allo tare, wanda ba zan kama sunansa ba. Ya dawo da jarka a liƙe, da tambarin kamfani da komai. Ya ce mini sai da ya tambaye shi, "Wanga na gaske ne?" Shi kuwa ya ce, "Haba Malam, ni da kai? Mi za ni samu in na cuce ka?" Da wani ne ya sayar masa, da sai ya buɗe ya shinshina, ya murza a yatsa. Wannan bai yi ba, don kunya.

Taraktar ta yi 'yan kwanaki tana aiki. Ran nan da hantsi, a wata gona kan hanyar Jibiya, saiwa ta sarƙe a garma. Malam ya ɗaga garmar, ya sauko, ya sunkuya yana tura gungumen da ya saba tokare ta da shi. Kafin gungumen ya zauna, robar ciki ta fashe, garmar ta faɗo masa. Mai gonar ya ce salati ɗaya kawai ya ji. Ina cikin aji aka zo aka kira ni.

Bayan an yi bakwai, ƙanensa Sani ya kai ragowar man wajen makanike. Tsohon baƙin mai ne aka tace, aka sirka da kananzir, aka sa masa kala. Sani ya ce sai kotu. Manyan gida suka taru suka ce kwana ne ya ƙare, unguwa ɗaya ake, a bar wa Allah. Ranar addu'ar arba'in mai shagon ya zo da buhun shinkafa, kuma shi aka ba ya rufe da addu'a. Ina daga ɗaki ina jin muryarsa, maza na cewa amin. Na yi imani da ƙaddara, ban taɓa ja da ita ba. Amma hannun mutum ne ya tace man nan, hannun mutum ne ya liƙa tambarin.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga Katsinar yau. Taraktoci sun yi yawa, direbobi sun yi yawa, mai kuwa a robar ruwan sha ake sayar da shi a bakin titi, ba suna ba lamba. Direba ya tsaya ya ce a ba shi na ja ko na fari, kamar mai sayen lemo. In famfo ya ƙone a ce taraktar ce tsohuwa. Ban ji an kama kowa ba. Mai shagon nan kuwa ya bar unguwarmu tuni, ya gina gida a GRA, shagunansa sun ƙaru. Kwanan baya ya tsayar da motarsa kusa da ni ya ce, "Hajiya, ina gajiya? Ya yara?" Na ce lafiya lau. Haka aka yi mana tarbiyya, kuma har na isa gida ina jin ɗacin amsar a bakina.

Me ya rage na Malam? Akwai direbobin da ya koya wa aiki. Ɗaya daga cikinsu, Malam Lawal, yanzu da furfurarsa, ya ce mini har yau ba ya karɓar mai daga hannun kowa, ko ɗan'uwansa ne, sai ya ga lambarsa ya gwada. Ina fata wannan ya tsare ran wani, ko da ba zan taɓa sanin ko waye ba. Ana yawan ce mini da Malam na raye da ya yafe, kuma na san gaskiya ne, halinsa ke nan. Ni dai ban kai can ba.

Autarmu Hafsat tana goye aka yi rasuwar. Jiya ta tambaye ni yadda muryar babanta take. Na buɗe baki zan kwatanta mata, sai na tarar ni ma ta fara kuɓuce mini. Allah Ya haskaka kabarinka, Baban Aminu. Sauran maganar kuma, akwai ranar da ba mai cewa a yi shiru.