Ranar da Na Nemi a Kwantar da Mai Dubiya

"Sista Rahila, sun zama biyu, a kawo wani gado."

Ni na faɗi haka da bakina, a asibitinmu na Kafanchan, cikin shekarun saba'in, ina sabon nas.

An kawo mana wani ɗan Caina mai sayen citta, yana fama da taɓin hankali, irin mai sa mutum jin muryoyi. Aikina in lura da shi, in rubuta abin da yake buƙata.

Kullum da sassafe sai ya je gindin mangwaro, ya ɗaga ƙafa ɗaya, yana tura iska a hankali. Na rubuta: "Yana dambe da aljanu. A ƙara allura." Har dattawan coci na kirawo suka yi addu'a.

Ranar da za a ƙara allurar, wansa ya zo dubiya daga Kaduna. Yana ajiye jaka, ya ga ƙaninsa a gindin mangwaro, shi ma ya ɗaga ƙafa. A nan ne na ce a kawo wani gado.

Sista ta tambaye shi lafiya. Ya ce da 'yar Hausarsa: "Motsa jiki ne, Sista. Babana yi, kakana yi. In ya yi, murya yana shiru."

Ashe abin da ke ba shi sauƙi na rubuta a layin cuta. Sista ta yaga takardata, ta sa ni yi tare da majinyacin kowace safiya.

Har yau ina yi. Jikokina na leƙena ta taga suna ƙus-ƙus.

Ku fa, wa kuka taɓa yanke wa hukunci ba ku tambaye shi ba?