Sojojin Jinin Yayata

Ni da yayata muke sayar da shinkafa da soyayyen kifi a tashar manyan motoci, kan hanyar gada. Da tukunyar nan take ciyar da 'ya'yanta, don mijinta direban kamiyo ne, wato babbar mota, in ya nufi Kwatano sai ya yi wata bai aiko ko gishiri ba.

Zazzaɓi ya riƙa kayar da ita, ga ƙuraje a baki, aka yi mata awon jini. Wanda ya miƙo takardar ya ce wani kashi na sojojin jininta ya ragu, ta dawo gobe ta ga lokotoro, wato likita. Ita kuwa baiwar Allah ta faɗa wa mijin haka, don lokacin yana gari. Shi kuma a bakin direbobi ya taɓa jin wai sojojin jini ba sa raguwa sai da sida, wato ƙanjamau.

Bai jira goben ba. Ya same mu da tsakar rana, tasha ta cika maƙil. Ya hamɓare tukunya, ya cafko wuyan Yaya, ya shiga tsula mata igiyar robar da yake ɗaure kaya. Ta faɗi cikin miya, ya bi ta da ƙafa har haƙorinta ya fita. Yana duka yana ihu:

"Sida gare ta! Abincin mai sida kuke ci!"

Maza sun fi ashirin a kan benci, ba wanda ya motsa, matsorata kawai. Na zaro itace mai wuta daga murhu na maka masa a ƙeya. Ya juyo ya kwaɗa mini mari har na ga wuta, na ƙara masa a hannu. Sai a nan 'yan kallo suka tuna ana raba faɗa. Wallahi har yau ban yi da-na-sani ba, haushina ɗaya, itacen siriri ne.

Washegari na kai ta asibiti, fuska a kumbure. Lokotoron mace ce. Ta ce abubuwa da yawa na rage waɗannan sojoji: zazzaɓi mai tsanani, ƙyanda, tarin fuka, rashin cin abinci mai gina jiki, wasu magunguna, sida ma tana ciki, amma awonta daban ne. Ta tambayi Yaya me take sha. Yaya ta yi ta nuƙu-nuƙu, sannan ta kwance bakin zane, sai ga ƙwayoyin sha-ka-fashe na sa ƙiba, waɗanda take saye a kasuwar Malanbil. Ashe ta daɗe tana sha a ɓoye, don mijin kullum busasshen kifi yake kiranta. Lokotoro ta ce irin ƙwayar nan tana danne sojojin jini, kada ta bari lokaci guda, za a rage mata a hankali. Aka yi awon sida, babu. Ta ce ko da akwai, da magani, kuma ba a ɗaukarta a abinci.

Yaya ba ta koma gidansa ba, mijin ya turo dattawa biko. Suka zauna a zaure suna ba da haƙuri ƙasa-ƙasa. Na ce a tasha ya yi shela, ya koma tasha ya janye. Aka ce mini ba ni da kunya, shi kuwa bai je ba.

Jinin Yaya ya gyaru, muka koma muka hura wuta. Direbobi su gaishe mu, su wuce rumfar gaba. Na yi ta bayani har muryata ta dushe, a banza. Wata rana wani baƙo ya zauna ya fara ci, har ya yaba miyar. Sai abokinsa ya sunkuya ya raɗa masa magana. Ya ajiye cokali, ya koma gefe yana kurkure baki yana tofarwa.

Na miƙe, Yaya ta riƙe mini hannu gam.

"Bari, ƙanwata. Na gaji."

Ta ɗauki ruwan wanke kwanoni ta kashe wutar da kanta. Ba mu sake hura ta ba.