Igiyar da Abarshi Ya Ƙi Tufkawa

Abarshi mai igiya ya rasu a ƙarshen damanar bana, a gidansa na bakin tabkin Madarumfa. Mutum ne marar yawan magana, mai sanyin hannu. Wanda ya wuce ƙofar gidansa da hantsi zai tarar da shi zaune a inuwar itacen bedi, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa, yana murza rama a cinya. Yanzu inuwar tana nan babu kowa, maƙwabta kuwa har yau sukan rage sauri a wurin kamar za su gaisa.

Asalinsa daga wajen Gabi ne, gidan Arna masu yi wa iskoki yanka. Yana saurayi ya tafi cin rani ƙasar Katsina, gyambo ya kama shi a ƙafa, ya daɗe kwance a asibitin 'yan mishan. Ya dawo da tabo a ƙwauri da bin Almasihu a zuciya. Danginsa ba su kore shi ba, dariya dai suka yi masa har suka gaji. Daga baya ya auri Inde, ya komo Madarumfa don kusa da ruwan jiƙa rama. Yana noman gero da damana, da rani yana tufkar igiyar guga da dabaibayin jaki da talalar doki.

Tsakaninsa da hukuma babu gardama. Lanhonsa, wato haraji, ba a zuwa nemansa sau biyu. In an zo ɗibar mutane aikin tilas, yakan ɗauki gorarsa ya fito da ƙafarsa. Ran Lahadi kuma, in ya tara iyalinsa addu'a, sai ya sa sarki da kumandan, Baturen mulki, a ciki. Wannan ne ke ƙona ran wansa Ɗogo.

"Kai kaɗai ne a ƙasar nan kake roƙa wa mai bulala lafiya," in ji Ɗogo.

"Ai shi ya fi mu bukatar roƙon, Yaya."

A shekarun yaƙin Turawa aikin hanya ya tsananta, mutane suka riƙa sulalewa cikin daji su ƙetare iyaka tun kafin a kai su Maradi. Ana dab da faɗuwar ruwa, wani gardi, ɗan sandan kumandan, mai suna Mamman ya zo gidan Abarshi. Sun san juna, ba baƙo ba ne. Ya ce yana son igiya doguwa mai kauri, a yi mata zarge a jere, taki biyu tsakanin kowane.

"Ta shanu ce, ranka shi daɗe?"

"Ta masu ƙafa biyu," in ji Mamman yana dariya.

Abarshi ya saki ramar da ke cinyarsa. "In ta doki ce, ko ta rijiyar bariki, ka aiko gobe a ɗauka. In hannu ake nema a hanya, ka sa ni a ciki. Amma igiyar wuyan mutum ba za ta fita daga hannuna ba."

"A ƙugu ake ɗaurawa, ɗan mishan. Wa ya ce maka wuya?"

"Ƙugun ma na mutum ne."

"Ba kai ke cewa Littafinku ya ce a bi hukuma ba?"

"Ya ce. Shi ya sa ka same ni zaune, kuma zaune za ka sake samuna."

Mamman ya daina dariya. Ya ce zai dawo ranar kasuwa. In babu igiya, Abarshi zai yi damanarsa a kaso a Maradi, gonarsa ta yi wa kanta shuka.

Abarshi ya san ba barazana ba ce kawai. Rumbunsa ya kusa ƙasa, 'ya'yansa ƙanana ne, babu mai riƙe hauya a cikinsu. Da labari ya kai Gabi, Ɗogo ya zo da shawara biyu. Ko dai ƙanensa ya kwashe iyali ya ƙetara Jibiya, ko kuwa a bar samari su tare Mamman a fadama da sanduna.

"In na ƙetare, wa za a kama a madadina? Kai ne," in ji Abarshi. "Mamman kuma yana da tsohuwa da ke jiransa. Kada a taɓa shi da sunana."

"Wannan Allah naka, shi zai yi maka noman?"

"Ban sani ba, Yaya."

Inde ta bari sai da Ɗogo ya tafi, sannan ta yi magana tana tsintar wake, ba ta ɗago kai ba.

"Maigida, in ba ka tufka ba, wani zai tufka."

"Na sani."

"To mi aka tsira da shi?"

Abarshi ya sauka bakin tabki ya juya ramar da ya jiƙa, ya daɗe tsaye cikin ruwa har gwiwa. Maganarta gaskiya ce, ta kuma dame shi. Abin da ya iya gani kawai shi ne yatsunsa suna auna faɗin zarge, suna gwada ko zai zagaye ƙugun Garba maƙwabcinsa. Ya gwada yin aikin a zuci, hannun ya ƙi.

Ranar kasuwa Mamman ya zo da waɗanda aka ɗiba. Ya tarar da Abarshi a inda ya bar shi, da gorarsa da ɗan ƙunshin kaya a gefe. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka kwance igiyar rijiyar unguwa, ya ƙulla zargen da kansa, ya fara ɗaurawa daga kan Abarshi.

"Ka gani? Taka ce dai."

Abarshi ya dubi tufkar. "Tawa ce. Don ruwa na yi ta."

Ɗogo yana cikin taron, ya matso da sanda a hannu, wasu samari biyu suna bayansa. Abarshi ya kira shi a hankali, ya ce irin gero yana cikin tulun da ke bayan ɗaki, Inde ba ta iya ɗaga shi. Ɗogo ya tsaya yana huci, sannan ya juya ya nufi gidan. Aka kama hanyar Maradi, Garba na biyu a igiya.

Damanar nan duka Abarshi ya yi ta yana fasa dutse. Inde ta yi shuka ita da yara. Ɗogo yakan zo daga Gabi da hauyarsa, yana noma yana zagin ƙanensa, amma gona biyu sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ciyawa ta ci rabin geron. Aka sayar da jaki. Yara suka ci tafasa har suka tsani warinta.

An sako shi bayan an gama yankan gero. Ya shigo gida a rame, yana wani busasshen tari. Ya ɗauki autarsa, ya ji ba ta da nauyi, ya zauna da ita a cinya. Bai taɓa cewa ya ci nasara ba, ko a lokacin ko daga baya. An ɗaure mutane, shi ma ya sani. Da Inde ta kawo tuwo, ya ce ta yafe masa yunwar da ya jawo musu.

"In sun sake zuwa, za ka sake ƙi?"

"Zan sake ƙi."

Ta tura masa ƙwaryar gabansa.

"To ci, ka yi ƙarfi."

Ba su sake zuwa ba. Bayan 'yan shekaru aka daina aikin tilas, mutane suka koma harkokinsu, da yawa ma sun manta da zancen. Tarin nan ne kawai bai bar shi ba, kowane sanyi sai ya ƙaru, har ya kwantar da shi bana. Inde ce a gefensa, Ɗogo kuma, da tsufansa, ya tako daga Gabi ya riski ƙanensa da rai. Allah ya ba su haƙurin rashinsa.