Gyambon Maigidana da Butar Alwala

Ko yau aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi abin da ya taɓa ƙure mini haƙuri, gyambon maigidana zan ambata. Wannan kam ba zai fita daga raina ba sai ranar da aka binne ni.

Zamanin En'e ne, lokacin hukumar gargajiya, muna zaune a Roni, shi yana fataucin fatu zuwa Kazaure. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a bayan ƙafa, kusa da idon sawu, ya fashe ya zama gyambo, ya ƙi warkewa shekara da shekaru. Malamin asibiti yakan wanke, ya sa magani, ya naɗe da bandeji, ya ja masa kunne kada ruwa ya taɓa wurin. Ni kuma na hana shi noma, na hana shi ratsa rafi, amma kullum ciwon sai ƙara faɗi yake, har wari ya fara korar mutane daga zaure.

Ashe mutumin nan, duk lokacin salla, sai ya zaga bayan rumbu ya warware ɗaurin, ya kwarara ruwa cikin ciwon, ya cuɗa da yatsa, sannan ya mayar ya ɗaure. Ranar da na kama shi, hawayen azaba suna zubo masa, amma hannunsa bai daina cuɗawa ba.

Na ce, "Malam, kashe kanka za ka yi?"

Ya ce, "Ke, koma ɗaki. Da busasshiyar ƙafa zan tsaya gaban Ubangijina?"

Na aika aka roƙo liman. Dattijon ya zauna ya yi masa bayani tiryan-tiryan: mai ciwo irin wannan shafa kawai zai yi a kan ɗaurin da jiƙaƙƙen hannu, alwalarsa ta cika. Maigidana ya yi ta "Na'am, Allah gafarta Malam," har ya raka shi ƙofa yana ɗingishi. Yana dawowa ya ce wannan rangwame na masu ciwon gaske ne, shi ai da sauran ƙarfinsa. Kai, na ji kamar in yi ihu!

Na ɓoye butocin gidan kaf, ya ɗauki moɗa. Na ɓoye moɗa, ya ari butar maƙwabta ta kan zana. Tun da nake ban taɓa ganin taurin kai irin wannan ba, kuma abin haushin, shi gani yake ibada yake yi, mu ne masu wasa da addini.

Da ƙafar ta kumbura, yatsu suka fara baƙi, malamin asibiti ya ce sai Kano, kuma wataƙila a yanke. Muka dawo gida ana kiran la'asar. Sai ga shi ya ja buta, ya kama bakin bandeji zai warware. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma ranar na manta da kunya. Na fizge butar na ce, "Warware! Wanke ta da kyau, Malam, ka yi mata ban kwana. Allah ya ce ya yafe maka, kai ka ce ba ka so. In sun yanke ta, sai ka gaya mini me za ka wanke!"

Ya kalli ƙafar, ya saki bakin bandejin. Can ya miƙo hannu na zuba masa ruwa, ya shafa a kan ɗaurin, ya tashi ya yi sallarsa. Ƙafar ta tsira, amma yatsu biyu a Kano muka baro su.

Abin da na koya ke nan: sauƙin da Allah ya ba mara lafiya kyauta ce, kuma mayar wa Allah kyautarsa ba tsoron Allah ba ne. Maigidana bai yarda ba sai da ya biya da yatsunsa.